Haƙori Ɗaya: Kwance Giyar Kamshaf a Gida

Duk wanda ya yi wayo a Arewacin Nijeriya tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1990 ya san Fijo 504, ko da bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Da ita manyan ma'aikatan gwamnati ke zuwa ofis, da ita ake ɗaukar amarya, doguwarta kuma ita ke lodin fasinja a tashoshin Zariya da Funtuwa da Gusau. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Daga 1975 aka fara harhaɗa motocin kamfanin a masana'antar Kakuri da ke Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, gwamnati kuma tana ba su bashin mota. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Kafin nan tsarin SAP na 1986 ya riga ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, motocin Kwatano suka cika tituna. Yau idan an ga 504, galibi a bayan gareji ake ganinta, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage tana wani gida a Tudun Wadan Zariya. Mai ita tsohon malamin Hausa ne, ya koyar a kwalejojin horon malamai har ya yi ritaya. Da bashin mota ya saye ta sabuwa, aka yi ta cire kuɗin daga albashinsa har ya gama biya. Ita ta kai 'ya'yansa makarantun kwana ɗaya bayan ɗaya, ita ta ɗauki mahaifiyarsa zuwa asibiti a ciwonta na ajali. Da tafiya ta yi tafiya injin ya fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi na biyo salansa, da safe kuma sai a riƙa jin wani kacau-kacau daga gaban injin kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi. Daga bisani ya ajiye ta a farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ya lulluɓe ta da tamfol.

'Yan gwangwan sun yi sallama a ƙofar gidan ba sau ɗaya ba. Ran nan babban ɗansa ya zauna gabansa bayan sallar isha ya ce, "Baba, a bar su su auna ta mana. Abin da za a kashe mata, in an ƙara kaɗan, ya isa a sayi ƙaramar mota mai lafiya. Ga shi Hajiya na zuwa asibiti duk wata, kullum sai an nemo a-daidaita-sahu." Malamin bai musa ba, domin akwai gaskiya a maganar. Sai dai ya san fanshonsa ba zai sayi mota ba, ya kuma san wannan kaɗan ɗin da za a ƙara daga kuɗin makarantar jikokinsa za a yanko shi. Saboda haka ya nemi a ba shi zuwa ƙarshen hunturu. Idan motar ta tashi, ta ci gaba da kai Hajiya asibiti. Idan ba ta tashi ba, shi da kansa zai aika a kira masu sikeli.

Kuɗin kai ta gareji babu, don haka a gida za a sauke injin. Ya je wurin tsohon bakaniken da ke duba motar tun tana sabuwa. Yanar ido ta kusa rufe wa tsohon gani, ya bar wa yaransa garejin, su kuwa yanzu hankalinsu na kan motocin Japan masu kwamfuta. Ya yarda zai riƙa zuwa kowace hantsi, a shimfiɗa masa tabarma kusa da injin, ya faɗi abin da za a yi, malamin ya yi. Na ukunsu jikan malamin ne, yaro ɗan shekara 14 da ke hutun makaranta, wanda aka ɗora wa riƙon tocila da karanta duk abin da ya fi ƙarfin idon tsofaffin biyu.

Aikin giyar a cikin inji

Injin wannan 504 silinda huɗu ne, mai cc 1971, an kwantar da shi digiri 45 zuwa gefe guda. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, kansa kuwa alminiyom. Sanduna biyu ne ke tafiyar da al'amarinsa. Ta ƙasa ita ce karanshaf, wadda fistin huɗu ke turawa ta juya, juyawarta kuma ita ke isa ga tayoyi. Ta biyu ita ce kamshaf, sanda mai tozaye takwas da ke kwance a gefen gangar injin. Duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai siffar kofi, kofin ya tura siririyar sanda zuwa sama, sandar ta karkata wani hannu da ke kan injin, hannun ya danna bawul ya buɗe. Kowace silinda bawul biyu gare ta, ɗaya na shigar iska da fetur, ɗaya na fitar hayaƙi.

Fistin sau huɗu yake tafiya kafin ya cika aiki guda. Ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta abin ya fashe ya turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan yana cin zagaye biyu na karanshaf, alhali kowane bawul sau ɗaya tak ake so ya buɗe. Shi ya sa giyar da ke bakin kamshaf ta ninka ta bakin karanshaf yawan haƙora, aka kuma haɗa su da sarƙa mai layi biyu, wadda kanikawa ke kira tayimin cen. Ƙaramar ta juya sau biyu, babbar ta juya sau ɗaya. A wannan injin kamshaf ce kuma ke juya distiributa mai raba wa filogi wuta, ita ke juya famfon baƙin mai, ita ke motsa famfon fetur. Idan lokacinta ya goce, lokacin wuta ma ya goce.

Ga misalin girman haƙori ɗaya. A ɗauka babbar giya haƙora 40 gare ta. Kowane haƙori digiri 9 ke nan na juyin kamshaf, wanda ya yi daidai da digiri 18 na juyin karanshaf. Idan aka mayar da sarƙa ta tsallake haƙori guda, duk bawuloli takwas za su riƙa buɗewa da rufewa kafin lokaci ko bayan lokaci da wannan gwargwado. Mota za ta iya tashi, amma ba ƙarfi, sai zafi da shan mai da tari ta kafireto. Idan kuskuren ya kai haƙora da dama, fistin na iya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Abin da ya fi ciwo shi ne ba a gane wannan sai an gama rufe inji an mayar da shi cikin mota.

Kwancewa

Da cen bulok na aro da gumagumai uku suka ciro injin, suka kwantar da shi a kan tsohuwar tayar babbar mota. Sun cire kafireto, sun tsiyaye mai, sun ɗage kan injin. Nan ne tsohon bakaniken ya ba da umarninsa na farko da kakkausar murya. "Malam, kada hannunka ya juya karanshaf sai an danne bututun nan huɗu." A injin 504 bututun da fistin ke zirga-zirga a ciki ba haɗe yake da gangar injin ba. Zura shi ake yi, ruwan sanyaya inji na zagaye shi, kan injin ne kuma ke danne shi. Da zarar an ɗage kai, juyin karanshaf na iya ɗago bututu daga mazauninsa, abin da ke tare ruwa a gindinsa ya motsa, nan gaba ruwa ya gauraya da mai. Suka nemo manyan wasoshi da guntayen fayif, suka ɗaure su da kusoshin kan injin har bututun huɗu suka zauna daram. Tsohon ya kuma gargaɗi yaron kan lamba. Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, don haka wadda ke kusa da lagireto ita ce ta huɗu, ba ta ɗaya ba.

Bayan an tokare filawil don kada ya juya, aka kwance babban notin da ke riƙe da fuli, aka zare fulin, aka bi kusoshin murfin gaba ɗaya bayan ɗaya. Da murfin ya fita sai ga giyoyi biyu da sarƙarsu, sun yi baƙi ƙirin da daskararren mai na shekaru. Malamin ya ɗauki sifana zai nufi kusoshin babbar giya.

"Dakata, Malam. Me ka gani?"

"Giya biyu da sarƙa, Alhaji."

"To ba ka ga komai ba tukuna. A kawo kananzir."

Yaron ya wuni yana goga da tsohon buroshin haƙori har ƙarfe ya fito fari. Tsohon ya matso, ya bi fuskar babbar giya da farcen babban yatsansa, haƙori bayan haƙori, har farcen ya faɗa cikin wata 'yar alama da masana'anta ta buga. Ya yi wa ƙaramar haka nan. Ya bayyana musu cewa sabuwar sarƙa tana zuwa da ƙwayoyi masu launi dabam, biyu a jere da ɗaya can nesa da su. Ranar ɗaurawa alamar babbar giya za ta zauna tsakanin biyun, alamar ƙaramar ta fuskanci ɗayan. Amma da inji ya fara juyawa ƙwayoyin sun bar wurin, ba kuma kowane zagaye suke komowa ba, saboda haka neman su a tsohuwar sarƙa ɓata lokaci ne. Abin da ake so shi ne a san yadda giya ke zaune a kan sandarta, da yadda giyoyin biyu ke kallon juna.

Aka cire tokarin, aka juya karanshaf sannu a hankali har alamomin suka zo inda tsohon yake so, aka sake tokarewa. Yaron ya ɗauki hoto da waya ta fuska uku. Tsohon ya ce hoto ya yi, amma waya na iya faɗawa rijiya. Sai da aka ɗauko ƙusa mai kaifin baki aka buga ɗigo a kan giyar da wani a bakin kamshaf daura da shi, aka kuma ɗiga farin fenti a gangar injin daidai saitin kowace alama, sannan ya yarda a ci gaba.

Akwai wani ɗan takalmi da ke danne sarƙar don kada ta yi sako-sako. Sifirin ne ke tura shi, ƙarfin baƙin mai na taimaka masa idan inji na aiki. Wanda ya kwance shi haka kawai, sifirin ɗin kan yi tsalle ya ɓace cikin yashi. Tsohon ya sa aka mayar da takalmin ciki aka kulle shi, sannan aka kwance shi a dunƙule aka sa cikin gwangwani. Daga nan aka miƙe kunnuwan farantin da ke hana kusoshi uku na babbar giya warwarewa, aka sassauta su tun sarƙar na riƙe da giyar, domin idan an riga an cire sarƙa babu abin da zai hana kamshaf bin sifana. Babbar giya ta fito tare da sarƙar a hannun malamin ba gardama.

Tsohon ya karɓe ta ya shafa. Haƙoran sun ci ta gefe guda, sun lanƙwashe kamar bakin lauje. Ya riƙe sarƙar a kwance ta gefenta, ƙarshenta ya sunkuya ƙasa sosai. Ya ce mutane na cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfe ba roba ba ne. Kowace ƙwaya akwai ɗan fil da take juyawa a kansa, kowane fil ya ci kaɗan, idan aka tara cin duka sai sarƙa ta ƙara tsawo, kamshaf ta riƙa makara. Kacau-kacau ɗin da ake ji da safe kuwa sarƙar ce ke dukan abin da ke kusa da ita kafin mai ya hau ya ƙarfafa takalmin.

Ƙaramar giya ta ƙi fita

Giyar karanshaf ba a ɗaure ta da kusa ba. Zura ta ake yi a hancin sandar, wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata ya shiga tsagar da ke tsakaninsu ya hana ta zamewa. A ƙa'ida da ɗan ja take fita. Wannan kuwa shekaru sun manne ta, malamin ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ko gezau.

Wani maƙwabci da ya leƙo kallo ya ce abin ai ba wuya, a sa cizal a bayanta a ba ta guduma biyu. Shawarar ta shiga kunnen malamin, domin kwanaki na tafiya, iskar hunturu kuma kullum sai ta watsa ƙura a kan buɗaɗɗen inji duk da tsohon zanen da Hajiya ta bayar ana rufawa. Tsohon bakaniken ya girgiza kai. Ya ce giyar dai ta mutu, ba a jin tausayinta, amma abin da take zaune a kai shi ne dukiyar gidan. Idan cizal ya goce ya kwarzane hancin karanshaf, ko tsagar rabin watan ta buɗe, ko zaren notin ya murje, to sai an nemi wata karanshaf, kuɗinta kuwa shi kaɗai ya isa ya rufe maganar gyara. Ya ƙara da cewa duk dukan da aka yi a hancin sandar, metal ɗin da ke ciki ne ke karɓarsa. "Malam, sannu ba ta hana zuwa. Kai ka koya wa yara wannan, ba ni ba."

Aka jiƙa wurin da kananzir gauraye da man burki, aka naɗe da tsumma, aka bar shi ya kwana. Washegari aka ƙara. Tsohon ya aiki yaron tsohon garejinsa ya aro fula. Yaron ya dubi kan tsohon ya ce, "Baba, ai ga taka nan a kanka." Kakansa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Abokina, wannan fular ƙafa uku gare ta." Na'ura ce mai ƙugiyoyi da doguwar kusa a tsakiya. Ƙugiyoyin su kama bayan giya, kusar ta tokari bakin sanda, ana ɗaure kusar giya na tahowa a miƙe ba tare da ta karkace ba.

Kafin a ɗora ta sai da tsohon ya sa aka mayar da babban notin a bakin zaren, aka sa wani ɗan faranti a kai, don kada tsinin kusar ya ɓata hancin karanshaf. Ya laluba da yatsa ya tabbatar ƙugiyoyin jikin giyar suka kama, ba bakin haƙora ba. Ya kuma sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. Malamin ya ɗaure kwatan zagaye, ya ɗan ƙwanƙwasa kan kusar da ƙaramar guduma, ya dakata. Ya ƙara kwata, ya ƙwanƙwasa, ya dakata. Haka aka yi ta yi daga hantsi har aka kira azahar. Bayan sun dawo daga masallaci, a ɗauri na biyu, sai aka ji ƙas. Giyar ta motsa kamar kaurin farce. Daga nan ta biyo fula salin-alin har ta zo ga notin, aka cire shi, ta fito. Ɗan rabin watan ya faɗo kan farin ƙyallen, yaron ya tsince shi ya sa a gwangwanin tumatir, aka rubuta sunansa a jiki. Tsohon ya zagaya hancin sandar da yatsa sau biyu ya ce, "Alhamdu lillahi, sumul."

Zare kamshaf kanta bai ɗauki lokaci ba. An cire famfon fetur da sandar distiributa, an ciro kofuna takwas an jera su cikin kiret ɗin ƙwai bisa lambarsu, domin kowane kofi ya saba da tozonsa, idan aka musanya su sai su cinye juna. An kwance ɗan farantin da ke tare sandar, malamin ya jawo ta a hankali yana tallabe, don kada tozaye su karci mazauninta. Tozayen suna nan lafiya.

A kasuwar Panteka ta Kaduna mai shago ya so ya sayar masa da sarƙa kaɗai, ya ce giyoyin za su ƙara shekaru. Tsohon ya riga ya gargaɗe shi cewa sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa, domin haƙorin zai koya mata cinsa. Malamin ya ɗora tsofaffin giyoyin a kan sababbi, ya ƙirga haƙora a gaban mai shagon, ya gwada ramukan kusoshi da tsagar rabin wata, sannan ya biya kuɗin ukun tare da sabon takalmi. Abin da ya ware don fenti ya tafi a nan.

Harshen aikin

Tun ranar farko malamin ya ajiye ɗan littafi kusa da akwatin sifanu. Da farko jerin abin da aka kwance yake rubutawa don kada a manta. Kafin mako ya zagayo littafin ya koma na kalmomi, domin kunnen wanda ya shekara talatin yana koyar da nahawu ba ya yin ritaya.

Abin da ya fara lura da shi shi ne yadda sunayen suka bi ƙa'idojin aro da ya sha rubutawa a allo. Harafin p na Ingilishi ya koma f a fistin da filogi da fuli, haka ma a sunan motar kanta da ya zo daga Faransanci. Baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma an raba su da wasali, shi ya ba da karanshaf da sifana da kuloci. Baƙin ƙarshe ya faɗi a kamshaf. Jinsi ma ya bi hanyarsa, waɗanda suka ƙare da wasalin a suka zama mata, kamar giya da sifana da fula, saura kuwa galibi maza, kamar inji da fistin da bawul. Tsohon bakaniken bai taɓa shiga aji ba, amma bai taɓa cewa giya ya fita ba.

Abu na biyu ya fi ba shi sha'awa. Sunaye ne kawai aka aro. Aikatau kusan duka na gida ne: a kwance, a zare, a danne, a tokare, a jiƙa, a ɗaure. Inji sauke shi ake yi kamar kaya daga kan jaki, idan ya lalace a ce ya buga, yana shan mai, yana tari. Sassan da ba a aro musu suna ba kuwa daga jikin mutum da dabba aka ɗebo, giya na da haƙori, sanda na da hanci, inji na da kai da ciki, faranti na da kunne. Ya kuma tuna cewa mota ce ta Faransa, amma a Zariya da sunayen Ingilishi ake kiran kayan cikinta. Tsohon ya ba shi labarin wani abokin aikinsa mutumin Maraɗi da ke kiran filogi buji, suka daɗe kafin kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke nema, alhali Hausa ɗaya suke yi a kan inji ɗaya.

Wata rana malamin ya gwada ƙirƙira. Ya ce me zai hana a kira kamshaf sandar tozo, tunda sunan ya bayyana siffarta. Tsohon ya ce sunan ya yi daɗi, amma ya je Panteka ya nemi sandar tozo ya ga ko ba za a nuna masa hanyar kara ba. Malamin ya rubuta duka biyun a littafin, kowanne da bayanin inda zai yi amfani, ɗaya a aji lokacin da ake son yaro ya fahimci aikin abin, ɗaya a kasuwa lokacin da ake son a saye shi. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara 34 kafin a ƙera 504 ta farko, na Jami'ar Bayero kuma a 2006, lokacin da zamaninta ke ƙarewa. Tsakanin waɗannan shekaru an yi wata Hausa a ƙarƙashin motoci, a bakin mutanen da ba su rubuta ta ba. Abin da ya dami malamin shi ne suna kaɗai ƙamus ke iya adanawa. Cewa a danne bututu kafin a juya karanshaf, ko a sassauta kusa tun sarƙa na riƙe, wannan a kan tsohon da ke zaune a tabarma yake, yaransa kuma sun koma wani irin inji. Daga ranar ya fara rubuta maganganun tsohon yadda suka fito daga bakinsa, da dalilin kowanne, ya sa jikansa ya riƙa ɗaukar muryar da waya.

Mayarwa

Bayan an wanke gangar injin an mayar da kamshaf da kofunanta, ranar ɗora giyoyi ta zo. Aka zaunar da rabin watan a tsagarsa. Aka ɗora tsohuwar tukunya a kan garwashi, aka zuba baƙin mai, aka sa ƙaramar giya ta yi zafi, domin ƙarfe idan ya ji zafi yakan ɗan buɗe. Malamin ya ɗauko ta da filaya da tsumma, ya zura, ta tafi har mazauninta ba a taɓa guduma ba. Yaron ya nemo ƙwayoyin sarƙa masu launi, ya sa alamar babbar giya tsakanin biyun, ya rataya sarƙar a kan ƙaramar yadda ƙwaya ɗayan ta fuskanci alamarta. Malamin ya ɗaga babbar giyar zuwa bakin kamshaf, ramuka uku suka yi daidai. Tsohon bai yarda da ido ba, nasa ko na wani. Ya sa yatsa a alamar sama, ya bi sarƙar ƙwaya bayan ƙwaya yana ƙirgawa a fili har alamar ƙasa, ya sa yaron ya maimaita, lissafinsu ya zo ɗaya. Sannan aka ɗaure kusoshi, aka lanƙwasa kunnuwan sabon faranti, aka ɗora takalmi aka sake shi ya danni sarƙa.

Saura gwaji. Aka cire tokari, malamin ya sa sifana ya juya karanshaf da hannu, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Babu inda ta cije. Alamomin giyoyin biyu suka komo daidai ɗigon farin fentin da aka yi a gangar injin ranar kwancewa.

Da yammacin ranar babban ɗan ya biyo ta gidan daga wurin aiki. Ya tsaya a kan injin, ya dubi sabuwar sarƙa, ya dubi kiret ɗin ƙwai da gwangwanaye masu rubutu, ya ɗauki littafin mahaifinsa ya buɗe shafi biyu ya ajiye. Aiki da sauransa, ba a sa ringi ba, ba a wasa bawul ba, kan injin na jingine da bango, hunturu kuma ya raba tsakiya. Ya durƙusa ya gaida tsohon bakaniken, ya tambaye shi abin da ya rage a saya. Tsohon ya lissafa masa gaskit da ringi da baƙin mai galan ɗaya. Ya ce ranar Asabar zai shiga Kaduna, a ba shi tsohon gaskit ɗin ya tafi da shi don gwadawa.